Kes Sahalu Yirga, Limamin da Ya Taɓa Zama Bawa

Haihuwa da asali

An haifi Kes Sahalu Yirga a shekara ta 1869, a ƙauyen Zagra na gundumar Wagara, tafiyar yini biyu arewa da birnin Gondar a ƙasar Habasha. Mahaifinsa Yirga Malke maƙeri ne, mahaifiyarsa Wagaye kuwa maginiyar tukwane ce, dukansu daga jama'ar Beta Isra'ila, wato Yahudawan tsaunukan ƙasar, masu riƙo da shari'ar Annabi Musa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. Gidansu ba na wadata ba ne, ba su mallaki bawa ko baiwa ba, gonar da suke nomawa ma ta wani mai ƙasa ce Kirista. A bakin zuga-zugin mahaifinsa ya taso, ya iya riƙe awartaki tun kafin ya san harafi.

Karatu

A shekara ta 1878 mahaifinsa ya kai shi tsaunukan Samen, ya damƙa shi a hannun Abba Tsagaye, wani malami mai zuhudu da ya ƙaurace wa duniya. Shekara goma ya yi a can. Ya koyi karatu da rubutu cikin tsohon harshen ibada, ya haddace littafin shari'a, ya naƙalci hukunce-hukuncen yanka da na tsarki da lissafin watanni da idi. An shaide shi da kaifin hadda, an kuma shaide shi da taurin kai, domin ba ya barin magana ta wuce sai ya ji dalilinta. Daga cikin abin da ya haddace akwai hukunce-hukuncen bayi da haƙƙoƙin da ke wuyan iyayen gijinsu, amma a lokacin bai ba su muhimmanci ba, saboda bai ga ta inda za su shafi ɗan maƙerin da ko jaki ba shi da shi ba.

Mugun zamani

A shekara ta 1888 annoba ta faɗa wa shanu, ta share su daga ƙasar cikin 'yan watanni. Fara ta biyo baya, yaƙi kuma ya shigo daga yamma, yunwar da har yau tsofaffi ke kira Mugun Zamani ta kankama. Abba Tsagaye ya rasu a cikinta, ɗalibansa suka watse. Sa'ad da Sahalu ya koma Zagra a farkon 1889, ya tarar mahaifinsa da yayyensa mata biyu sun riga mu gidan gaskiya, mahaifiyarsa ma ba ta kai damina ba. Ya rage daga shi sai ƙannensa mata biyu, ba hatsi, ba mai sayen fartanya.

Mutum guda ne a Zagra yake da sauran abinci, wato Ato Tasama Balay (Ato laƙabin girmamawa ne a ƙasar), babban masaƙi, wanda ya adana hatsi a ramukan ƙasa tun shekarun albarka. Wata safiya Sahalu ya same shi a rumfar saƙa, dattawa biyu suna zaune, ya gaishe shi ya durƙusa.

"Baba, ba roƙo na zo ba. Na zo ka saye ni, ka ciyar da ƙannena."

Ato Tasama ya ajiye ƙoshiya ya dube shi. "Ɗan Yirga, kai da ka yi karatu, ka san abin da bakinka ke faɗa kuwa?"

"Na sani, Baba. Shekara shida."

"To shi ke nan. Ka fi ni sanin abin da ke wuyana. In ka ga na kauce, ka tuna mini, kada ka ji kunya."

Ba a taɓa buƙatar tunin ba. Shari'a ta ce ɗan'uwa Ba'isra'ile da talauci ya kai shi ga sayar da kansa ba a mulkarsa da tsanani, ba a kuma ɗora masa aikin wulaƙanci, zamansa kamar na ɗan ƙodago ne har shekara shida ta cika, kuma Ato Tasama ya tsare wannan ba ragi. A faifai ɗaya Sahalu yake cin injera, wato wainar ƙasar, da 'ya'yan gidan, ranar Asabar yana hutawa tare da su, ba wanda ya taɓa kiransa bawa.

Amma a gidan akwai wani bawan, Addisu, wanda ya girme shi da kimanin shekara bakwai. An sato shi ne daga ƙasashen kwari na yamma, Ato Tasama ya saye shi a kasuwa a 1876, aka yi masa kaciya da wankan shiga addini a kogi, aka raɗa masa wannan suna. An aura masa Ayal, baiwar gidan mai dafa abinci. Addisu yana kiyaye Asabar, yana azumi, yana cin ragon Idin Ƙetarewa, na tunawa da fita daga Masar, kamar kowa, sai dai abincinsa a bakin ƙofa yake ci bayan kowa ya tashi, ranar ibada kuma daga waje yake tsayawa. A shekarun da babu sa ko ɗaya a Zagra, shi da Sahalu ne suka riƙa sa kafaɗa a karkiya ɗaya suna jan garma. Addisu mutum ne mai barkwanci, ba ya kiran abokin aikinsa da komai sai Malam.

"Malam, ja da kyau, wannan ba alƙalami ba ne," yakan ce. "In ka faɗi ni ba zan iya karanta maka komai ba."

A farkon 1895 shekara shida ta cika. Ato Tasama ya tara shaidu ya sallami Sahalu, kuma da yake shari'a ta hana a sallami bawa hannu wofi, ya ba shi karsana daga 'yan shanun da ya fara tarawa, da tumaki biyu, da hatsi kayan jaki uku, da tulun giyar sha'ir, da sabon gwado. Addisu ne ya kora masa dabbobin har ƙofar tsohon gidan mahaifinsa. Da zai juya ya ce, "To, Malam, an cika shida lafiya. Ni tawa ta goma sha tara ke nan. Ina jin mai ƙirga mini barci ya kwashe shi."

Ya faɗa ne yana dariya. Daga baya Sahalu ya sha faɗa wa ɗalibansa cewa ranar ce ya fara karatu na gaskiya.

Aure da limanci

Ya sake hura wutar maƙerar mahaifinsa, ya aurar da ƙannensa, a 1897 kuma ya auri Dinke, 'yar Ato Tasama. Wasu daga cikin dangi sun yi gunaguni a kan ba da 'ya ga tsohon baran gida, amma dattijon ya ce shekara ta bakwai ta shafe wannan magana. An haifi ɗansu na fari, Mulugeta, a 1898. A 1901 limaman gundumar suka taru suka jarraba iliminsa, suka ɗora masa hannu, suka naɗa masa farin rawani, ya zama Kes, wato limamin Zagra. Shi ke jan ibada, shi ke yanka, shi ke ɗaura aure da raba gardama, jama'a kuma suna kawo masa ushirin amfanin gona kamar yadda aka saba.

Rabon gado da shari'ar gindin ɓaure

Ato Tasama ya rasu a daminar 1906. Da aka zo rabon gado aka lissafa bayi tare da sauran dukiya. Addisu ya faɗo a rabon Dinke, Ayal kuwa da 'ya'yansu uku, saurayi Tilahun da ƙannensa mata biyu, suka faɗo a rabon babban ɗa, Ato Warku, wanda ya bayyana niyyarsa ta tura su wata gona a ƙasar kwari, tafiyar kwana huɗu. Ta haka Kes Sahalu ya wayi gari yana ubangijin mutumin da suka ja garma tare.

Bai bari mako ya zagayo ba, ya kira shaidu ya ce ya 'yanta Addisu, ya ware masa saniya da hatsi. Ya yi zaton zai ga murna, sai ya ga Addisu ya murtuke fuska.

"Ka 'yanta ni in tafi ina, Malam? Matata da 'ya'yana suna gidan yayan matarka. Ai na ji kana karantawa, bawan da ya ce ba ya fita saboda iyalinsa, a kai shi bakin ƙofa a huda kunnensa da basilla, ya zauna har mutuwa. Ga ƙofa, ga kunne. Kai maƙeri ne, ba ka rasa basilla ba."

"Ba zan huda ba, Yaya."

"To ka san yadda za ka yi da 'yancin nan naka, don ni kaɗai bai ishe ni ba."

Kes Sahalu ya tabbatar da 'yantawar a gaban shaidu, ya roƙi Addisu ya zauna su riƙa ƙira tare suna raba abin da aka samu, sannan ya kai ƙarar Ato Warku gaban dattawa. An zauna a gindin ɓauren da ke gaban ɗakin ibada bayan kaka, limamai uku suka halarta, babbansu Kes Gabru, tsoho mai shekara tamanin. Da'awar Kes Sahalu ita ce duk bawan da aka shigar da shi addini ya zama ɗan'uwa, saboda haka hukuncin shekara shida ya hau kansa.

Ato Warku ba jahili ba ne. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, mijin ƙanwata ya manta ne, ko kuwa tsallake shafin ya yi? Ba a rubuce yake ba cewa bayin da aka saya daga wasu al'ummai dukiya ce, 'ya'ya suna gadonsu? Ko don ya taɓa kwana a ɗakin bayin gidanmu shi ke nan sai littafi ya sake?"

"A rubuce yake, Yaya, ban tsallake ba," in ji Kes Sahalu. "Tambaya ɗaya gare ni. Injerar da ka ci yau da safe, wa ya toya?"

"Ayal mana. Wa kake so ya toya?"

"Mu da ba mu cin abin da hannun baƙon addini ya taɓa, ko inuwarmu ya shiga sai mun je kogi. In Ayal baƙuwa ce, shekara ashirin da ɗoriya kana cin ƙazanta, tashi ka kwashi gidanka duka ku tafi wanka. In kuwa 'yar'uwa ce, shidanta ta cika tun kana saurayi. Zaɓi ɗaya, Yaya, ba za ka haɗa biyun ba."

Wurin ya ɗauki dariya, amma ba ta daɗe ba, domin da yawa daga cikin masu dariyar sun tuna wanda ya toya tasu injerar. Limaman suka keɓe har rana ta karkata. Da suka dawo Kes Gabru ya ce, "Ɗana, maganarka tana da nauyi, ni kaina ban sami amsarta ba. Amma ba haka muka gada ba, kuma ba ni zan kwance abin da iyaye suka ɗaura ba." Hukuncin da aka yanke shi ne Ayal da 'ya'yanta su ci gaba da zama mallakar Ato Warku, da sharaɗin ba zai sayar da su ba, ba zai kuma fitar da su daga Zagra ba.

Abin da ya biyo baya ya fi hukuncin zafi. Gidaje tara masu bayi, waɗanda su ne masu wadatar ƙauyen, suka daina kawo masa ushiri, suka koma kiran limamin wani gari don yanka da ɗaurin aure. Shekara biyar cur Kes Sahalu yana jan ibada ga talakawa, yana ciyar da iyalinsa da guduma, Addisu na masa zuga. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ba a kuma ji ya sassauta ba.

Haƙorin Tilahun

A watan Oktoba na 1911 wani sa ya kuɓuce wa Tilahun ya shiga sha'ir. Ato Warku, cikin fushi, ya buge shi da ƙotar bulala a baki, haƙori ɗaya ya fita. Tilahun ya naɗe shi a ganye ya kai maƙera. Wannan karon ba a buƙaci doguwar jayayya ba, domin shari'a ta bayyana cewa ubangijin da ya fasa idon bawansa ko ya cire masa haƙori, ko da bawan saye ne, tilas ya 'yanta shi. Aka sake zama a gindin ɓaure, Kes Sahalu ya ajiye ganyen a gaban magajin Kes Gabru.

"Haƙorin nan dama yana girgiɗi!" in ji Ato Warku. "Ku tambayi uwarsa!"

Addisu, wanda yanzu yake da ikon magana a taro, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ka taimaka masa. Mun gode."

Ko limaman sai da suka rufe baki da gwado. A ranar aka 'yanta Tilahun.

Saura Ayal da 'yan matan biyu, kuma ba Kes Sahalu ne ya fitar da su ba, matarsa ce. Dinke ta tafi gidan yayanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

"Yaya, ka ɗauki alfadarin Baba da shanun da suka faɗo mini, ka ba ni Ayal da yaran."

"Ke ma ya shafa miki cutar tasa? Da me za ku yi noma?"

"Da abin da aka yi a Mugun Zamani. Ayal ce ta goya ni lokacin da Inna ke kwance. Na gaji da haɗuwa da ita a rafi ina kawar da kai."

Ato Warku ya karɓa, wasu sun ce don dabbobin, wasu sun ce don ya gaji da zama abin magana. Kafin ƙarshen shekarar aka 'yanta su ukun, aka ba Ayal tukwane da kaskon tuya da tunkiya, iyalin Addisu suka gina ɗakinsu a gefen maƙera.

Ƙa'idojin iyayen giji

A 1913 Kes Sahalu ya rubuta a kan fata abin da ya tattara daga shari'a game da haƙƙin bawa a wuyan ubangijinsa, ya riƙa karantawa da harshen gida a kowane babban idi. A ciki ya tabbatar da cewa hutun Asabar na bawa ne kamar yadda yake na ubangiji, har ɗebo ruwa da hura wuta. Cewa bawa zai ci daga abin da ubangijinsa ya ci, ba daga saura ba. Cewa ba a raba miji da mata ko uwa da ɗa. Cewa wanda ya shiga addini shekara shida kawai zai yi, ba kuma a sallame shi hannu wofi. Cewa bawan da ya gudo neman mafaka ba a mayar da shi. Kuma wanda ya saci mutum ya sayar ya aikata laifin da ya kai na kisa. Yakan rufe karatun da tuna wa jama'a cewa kakanninsu ma bayi ne a Masar.

Ba kowa ya karɓa ba. Wasu garuruwan sun hana shi karantawa, wasu limaman sun kira shi mai kawo sabon abu. Amma a Zagra gidajen da suka ƙaurace masa sun riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma zuwa 1920 an 'yanta mutum goma sha huɗu a ƙauyen, aka kuma buɗe musu ƙofar ɗakin ibada.

Auren Mulugeta

Akwai abu guda da masu ba da tarihinsa ba sa ɓoyewa, domin shi kansa bai ɓoye ba. A 1921 babban ɗansa Mulugeta, wanda ya yi nisa a karatu ana sa ran shi zai gaji rawanin, ya ce yana son auren Lamlam, autar Addisu, ita ma tana sonsa. Kes Sahalu ya ƙi. Hujjarsa ita ce limamai ba za su naɗa wanda ya auri bacucaniya ba, 'ya'yansa kuma ba za su sami masu aurensu ba. Dinke ta yi magana, bai saurara ba. Bayan kwana uku, suna tsakiyar aiki, Addisu ya saki zuga-zugi.

"Malam, ƙofar fita ka buɗe mana, Allah ya saka. Ta shiga ce ta gagare ka."

"Ba don ni ba ne, Yaya, don mutane ne."

"Lokacin da mutanen suka hana ka hatsi shekara biyar, ai ban ga ka ji tsoronsu ba."

Duk da haka bai janye ba. Mulugeta da Lamlam suka tafi ƙasar Walkayit, wani limami ya ɗaura musu aure a can, Addisu kuma ya daina zuwa maƙera. Shekara takwas aka yi a haka. A ranin 1929, yana da shekara sittin, Kes Sahalu ya je ƙofar Addisu ya ce ya yi kuskure, ya roƙe shi ya raka shi. Tsofaffin biyu suka yi tafiyar kwana tara da alfadarin aro guda, suna hawa bi da bi. Ya tarar da jikoki uku, ya sa musu albarka a gaban jama'ar garin, ya nemi gafarar ɗansa da surukarsa. Mulugeta ya yafe, amma bai koma Zagra da zama ba, bai kuma zama limami ba. Kes Sahalu ya ce wannan ita ce asarar da ya jawo wa kansa da hannunsa.

Shekarun tsufa

Dinke ta rasu a 1934. A zamanin mamayar Italiya, daga 1936 zuwa 1941, an ƙone ɗakin ibadar Zagra, amma jama'a sun ɓoye littattafai a wani kogo, kuma 'ya'yan 'yantattu suna cikin waɗanda suka yi dakonsu. A 1942, da labari ya iso cewa hukuma ta soke bauta a ƙasar baki ɗaya, samari suka zo suna taya shi murna. Ya ce musu ya ji daɗi, amma a Zagra takardar ba ta tarar da wanda za ta kwance ba, kuma sauran aikin da ya rage ba na takarda ba ne. A lokacin idonsa ya yi rauni, ɗansa na biyu, Azariya, shi ke jan ibada.

Addisu ya rasu a watan Maris na 1944. Bisa al'adar Zagra, bayi da zuriyarsu ba a binne su cikin maƙabarta, sai a gangaren da ke bayan katangar duwatsu. Kes Sahalu ya sa aka kai shi gaban dattawa ya nemi a binne shi a ciki. Suka ce sun bi shi a komai, amma kakanninsu da ke kwance ba su ji karatunsa ba, ba za a sake musu maƙwabta ba. Da yake gawa ba ta jira, bai ja gardama ba. Ya yi wa Addisu addu'a a gangaren, da aka gama kuma ya lalubi ƙasa da sandarsa, ya nuna wa Azariya wurin da ke gefen kabarin.

"Nan za ku sa ni."

"Baba, limami a bayan katanga? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Na faɗa a gaban shaidu, kai kuma ka ji."

Rasuwa

Kes Sahalu Yirga ya rasu ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 1947, da hantsi, bayan jinyar kwana goma sha biyu, yana da shekara saba'in da takwas. Dattawa sun roƙi Azariya ya bari a sa mahaifinsa kusa da limaman da suka gabata, ya ce wasiyya ce, ba shi da ikon sake ta. Aka binne shi da la'asar a gangaren, hannun dama da Addisu, limamai bakwai da jama'ar garuruwa da dama suka halarta.

Bayan kwana bakwai, da aka taru don addu'a, Ato Warku, wanda ya kusa tamanin kuma sai da aka riƙo shi, ya tsaya ya daɗe yana duban katangar. Sannan ya ce, "Mutumin nan ya wahalar da ni yana raye, ga shi zai wahalar da ni yana kwance. Mu bar limaminmu a waje, mu shige ciki mu kwanta? Ku rushe ta." Shi ya fara ture dutse da sandarsa. Cikin kwana biyu aka kwashe duwatsun aka sake jera su a ƙasan gangaren, kaburbura ashirin da shida da ke waje suka koma ciki.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Mulugeta, maƙeri a Walkayit, Kes Azariya, limamin Zagra, Wagaye, wadda ta ci sunan kakarta, tana aure a Dabat, Yeshalem, maginiyar tukwane a Zagra, da auta Tsagaye, masaƙi. Ya kuma bar jikoki ashirin da uku, shida daga cikinsu jikokin Addisu ne.